Mai Wasaki da Rezon Rabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai maigidana makwancinsa. Sunansa ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuma a jarida zan fara ba. Mutanen Korahane, nan ƙasar Dakoro, Mai Wasaki suke ce masa, don shi ne ya tsaya a bakin babbar rijiyarsu tun yana da baƙin gemu har ya yi fari. Rijiya ce mai zurfin da in ka saki wasaki sai ka gama gaisuwa kafin ka ji ya taɓa ruwa. Raƙumi ke jan igiyar, ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido, sannan ruwa ya fito.

Abin da ya sa yake raina bana, autarmu ce, Rabi. Tana aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi a Yamai. Da ƙafafuna suka fara ƙi, ta roƙi a bar ta ta yi aikin daga gida. To ku ji ikon Allah: ordinatarta ta aiki, wato kwamfuta, tana can buro, ofishinsu na Yamai, an kulle ɗaki, ita kuwa tana nan Dakoro da wata ƴar ƙarama a cinya, ta motsa yatsa nan, abu ya motsa can! Ni dai na ga abubuwa a duniya, amma ranar sai da na riƙe baki. Na ce da Malam maigidana na nan, da ya zagaya bayan abin nan yana neman igiyar.

Sai abin ya kama nawa. Ta danna harafi, ta zauna, har ta gyara ɗankwali, sannan ya fito. Takardun ba a fitar da su daga ordinatar buro, dole ta can za ta yi su. Shef ɗinta, shugabansu na aiki, ya ce in wata ya ƙare ba a gyara ba, ta koma Yamai. Ni kuma ko in bi ta in bar ɗakin da aka kawo ni ina amarya, ko in zauna ni kaɗai.

Mai gyaran na'urarsu, wani Musa, ya yi ƙoƙari ta waya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sa ta cire hoton da ke bayan allon, ta rage kala, wai kayan da ke tahowa su yi sauƙi. Wannan na gane shi sarai, ƙaramin wasaki ya fi saurin fitowa. Ya sa aka mai da akwatin rezo, mai kawo intanet, kusa da taga, aka ja masa waya har cikin ordinatar. Da sassafe abin ya yi ta gudu. Hantsi na yi, sai ya kwanta.

Malam in ruwa ya ja baya ba ya zagin rijiya. Tabarma yake shimfiɗawa ya wuni yana kallon wa ke ja, yaushe, da wasaki nawa. Na ce bari in yi irin tasa. Na ajiye komai, na zauna bayan Rabi. Ranar farko lafiya lau har azahar. Ta biyu haka. Rabi ta ce, "Inna, ko tsoronki yake ji?" Na ce, "Yo wa bai ji ba?"

Rana ta uku zaman ya ishe ni. Na ɗauki wayata na kira ƙanwata a Bader Goula, irin kiran da ake ganin fuska, yadda muka saba kowane hantsi. Ban kai ga gama tambayar awakinta ba na ji Rabi ta yi tsaki. Na dubi wayar hannuna, na dubi akwatin. Na kashe. Harafi ya fito. Na sake kira. Ya tsaya.

Na ce, "Rabi, kira Musan nan ki ce ya huta. An kama ɓarauniyar."

Dariyarsa har tsakar gida ina jin ta. Ya ce, "Hajiya, hira ce kike yi ko tatsuniya?" Na ce, "Ɗan nan, labarina bai taɓa zama gajere ba." Ashe bakin rijiyar ɗaya ne, ni da raƙumina na tare hanya, yarinya na tsaye da ƴar gugarta.

Malam bai bar mana garke ba, rijiyar ma ba tasa ba ce, yanzu har an sa mata famfo mai aiki da rana. Abin da ya bari shi ne kowa da lokacinsa. Bafillace da Buzu da Bahaushe sun sha a hannunsa ba a zare sanda ba. Ni matarsa ma, in na zo da tulu sai ya ce in jira a gama shayar da shanun mutane, in yi fushi, ya yi kamar bai gani ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wata ya ƙare, Rabi tana nan. Lokacina yanzu bayan la'asar ne, in ta rufe ordinatar. Tun azahar labari ke cin bakina, amma ina jira.