Zaren Hulata

Tun da jami'an shige da fice na ƙasar nan da muka zo karatu suka kai samame gidanmu suka tafi da Alkasim, abokin karatuna, ba na son a kalle ni. Ga shi yau, a wani shagon shayi a unguwar Brickfields, wani dattijo Basine ya kafe ni da ido.

Tabaransa ya zamo har ƙarshen hanci. A gabansa akwai gashin zomo da na tsuntsu da siririyar wayar tagulla, yana naɗa su a jikin ƙugiya da natsuwar wanda ba a taɓa tambayarsa takardar zama ba. A garinmu mun san abin da ake ƙullawa da irin waɗannan.

Ya nuna koren zaren da ya warware a hulata. "Boleh?" Wai in ba shi.

Na kasa cewa a'a. Ina karanta Falaƙi da Nasi a zuci ya tsinke zaren, ya naɗa, ya jefa cikin kofin ruwa. Abin ya nutse, sak tsutsar rafi.

"Na kamun kifi ne," in ji shi. "Wadda launinta ya fita daban, ita kifi ke fara cafkewa."

Kafin in fita titi na cusa hular a aljihu.