Titin da Baba Ya Roƙa

Shekara ashirin ke nan da muka ɗauki mahaifina, Saje Tanko, daga gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda zuwa makwancinsa. Allah Ya jiƙansa. Gidan yanzu babu shi. An share unguwar, kuma daidai inda ɗakinsa yake an ja titi. Duk sa'ad da na bi ta wurin nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani, shi da titi ya riga ya kora sau ɗaya tun ba a haife ni ba.

Baba ya yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Turawa. Da aka sallame su, sai aka yanka musu gonaki, shi da wasu tsofaffin sojoji, a wani daji can ƙasar Hausa. Suka yi sassabe, suka shuka gyaɗa, ta yi kyau, amma ba hanyar fitar da ita sai a bayan jaki. Baba ne mai baki a cikinsu. Shi ya ja su gaban Di'o, suka yi sahu da lambobinsu a ƙirji suna roƙon a yi musu hanya. Suka yi ta sintiri har aka amsa. Da masu awo suka zo, sai suka kafa turakunsu a tsakiyar gonarsa, suka haƙa ramin marmara a sauran. Ya kai kuka, aka ce da shi, "Saje, ba kai ka roƙa ba?" Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Abin da aka bar masa bai isa shanyar gyaɗa ba, sai ya ɗauki mahaifiyata suka yi gabas da ƙafa.

A Jidda ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya lanƙwashe. Ya haife mu, ya gina ɗakuna uku a kan filin da ba nasa ba, amma bai taɓa sakin maganar gonar nan ba. Turawa suka tafi, gwamnatoci suka hau suka sauka, shi yana nan a kan a musanya masa ita. Kowace shekara in alhazai suka fara sauka, sai ya sa in rubuta masa kukansa da ajami, ya goge lambobinsa da toka, ya maƙala su a tsohuwar rigar kaki, mu nufi masauki neman wanda zai kai wa gwamna.

Shekarar da ta gabaci rasuwarsa aka ce mana wani Alhaji ɗan kwangila daga yankinsu ya sauka, kuma yana shiga gidan gwamnati ba sallama. Ni na kai Baba a motata. Muka tarar da shi a kishingiɗe, jama'a kewaye da shi ana cin dabino. Ya saurari Baba har ƙarshe, sannan ya ce, "To Baba Soja, wa zai tabbatar mana kai soja ne? Lamba ai ko a kasuwa ana sayarwa. Taka mana fareti mu gani."

Na sunkuya na ce, "Baba, mu tafi."

Ya ce, "Kul. Mai nema ba ya fushi."

Tsohon da ya haura tamanin ya saɓa sandarsa a kafaɗa kamar bindiga, ya miƙe iyakar yadda bayansa ya yarje masa, yana ba kansa umarni da muryar da ta dushe. Ya je bango ya dawo, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Suna tafi suna cewa ya ƙara. Ya ƙara, ya ƙara, har gwiwarsa ta sare ya durƙushe a kan tayil. Mutanen da suka zo neman gafara ne ke riƙe ciki don dariya.

Alhajin ya share hawayen dariya ya ce, "Wallahi soja ne. Baba, ai hanyar nan ni na faɗaɗa ta bara. Ramin marmarar ma na cike shi, gidan mai na gina a kai. In Allah Ya kai ka gida, ka tsaya ka ce ni na aiko ka, a ba ka ruwan sanyi." Takardar da na rubuta kuwa, a kanta suke zuba ƙwallayen dabino.

A mota na kasa duban fuskarsa. Shi ne ya taɓa hannuna ya ce, "Ka ji, ya san wurin. Tun da ya san wurin, magana ta zo kusa." Da wannan jiran ya kwanta ciwon ajali. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya tambaya ko Alhaji ya aiko.

Da aka zo aka yi wa bangonmu alama da jan fenti, ban kai kuka ko'ina ba. Mai iƙama, takardar izinin zama, baƙo ne ko da a nan aka yanke masa cibi. Na tsaya a ɗakin Baba ina jinkiri, ɗana Faisal ya leƙo yana azalzala ta da Larabci ya ce, "Yalla ya Abuya, halas, ɗauki abin da za ka ɗauka." Na ɗauki lambobin. Da Baba na nan, na san da zai goge su ya nemi ofishin da zai je ya yi sahu. Ban sani ba ko shi ne mai gaskiya ko ni.

Bayan mun koma wani gidan haya na tafi maƙabarta don in tsaya a kansa in yi addu'a. Mai kula da wurin ya dubi layin da na nuna ya ce ai an daɗe da juya shi. Haka ake yi a nan: in shekaru suka ja, a matsar da ƙasusuwa gefe a sa wani. Ban yi gardama ba, ƙasa ta Allah ce. Amma na fita ina tunanin ko tsawon kwanciyarsa ba a bar masa ba.

Me ya saura? Bara wani alhaji daga yankinsu ya shiga motata, da ya ji sunan mahaifina sai ya yi dariya ya ce, "Kai ne ɗan tsohon nan mai fareti?" Labarin ya kai gida ke nan, har yara sun san shi. Na tambaye shi gonar, ya ce bai taɓa jin an yi wata gona a wurin ba.

To bari in faɗa, yadda ya sa na rubuta shekara da shekaru. Daga kukar da tsawa ta tsaga, a bi layin gamba zuwa bakin rafi, a juyo ta suri biyu a dawo kukar. Gonar Saje Tanko ce. Kuka ya kai wa Di'o, ya kai wa gwamnoni, yanzu yana gaban Alƙalin da ba Ya cewa a taka fareti tukuna. Allah Ya yalwata masa inda yake.