Rabon Gajere

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Sha'aban, ina 'yar shekara tara, da la'asar, Inna ta miƙo mini safarɗas, jeren kwanonin ƙarfen nan da ake ɗorawa ɗaya bisa ɗaya, ta ce in kai gidan su Sani. Sani abokin yayana Haruna ne, zazzaɓi ya ɗauke shi bayan aikin Hajjin da ya wuce. A ranar Yaya da abokansa suna sha'abana, wato walimar da mutanen Makka ke yi ta ban kwana da cin rana kafin azumi, a saman gidanmu a unguwar Utaibiyya. Sun kewaye tiren saliƙ, shinkafar da ake dafawa da madara da romo har ta narke, an yi bismilla, sai ƙaraminsu, wanda suke kira Gajere, ya janye hannunsa ya ce, "To, rabon Sani fa?" Bakur, da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "Kai Gajere, in ka ƙoshi ka faɗa mana." Amma muryarsa ta karye kafin ya kai ƙarshe. Gajere ya ɗauki cokali ya yanki shinkafar daidai inda Sani ya saba zama, ya kai wa Inna, ita kuma ta ƙara tsire a kwanon sama. Na riƙo safarɗas zafinsa yana dukan ƙaurina, Gajere yana biye da ni yana korar awaki. Mahaifiyar Sani ta buɗe kwanon a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce, "Ashe ba su manta ba."

Ba ni na rubuta wannan ba, ban iya ba. Ina faɗa ne, jikata Amal tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Gidanmu a jikin dutse yake, sai an hau matakala ana haki. Kakana ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi Hajji, bai koma ba, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife mu. Da sassafe ni da 'yan matan unguwa mukan sauka bazan, inda ake ɗibar ruwa, mu jera garewani muna faɗa da masu ga-ruwa a kan layi. In na dawo in tarar Inna ta baza ƙuliƙuli a turmi, in daka in tankaɗe, barkono ya shiga mini hanci in yi ta atishawa, domin Baba tsire yake gasawa a bakin titi, Larabawa suna layi suna kiransa sire. Bayan wannan sai wankin fararen rigunan Yaya, a sa shuɗi, a shanya, a goge da dutsen guga na gawayi. Ranar da toka ta ɗiga a wuyan riga, ranar na sha ranƙwashi. In an sami sarari mukan yi carafke da tsakuwa a inuwar katanga, ko mu zana ɗakuna a ƙasa da gawayi muna tsalle da ƙafa ɗaya. In aka yi ruwa kuwa, sai lungu ya zama kogi, ya kwaso takalma da kwanoni daga saman dutse, mu bi su da gudu iyaye suna yi mana tsawa. An buɗe makarantar 'yan mata a lokacin, Baba ya ce, "Bari Haruna ya gama tukuna." Haruna ya gama, ni kuma na yi girma. 'Yan surorin da nake salla da su a kunne na ɗauka wajen wata malama maƙwabciyarmu.

Amma karatun samarin nan, kamar a tsakar kaina aka yi shi. Saman gidanmu, da muke kira suɗuhu, ya fi na kowa iska, nan suke haɗuwa da littattafansu kullum bayan la'asar. Ina kai shayi, ina kwashe shanya, ina jin suna haddace sunayen koguna da ƙasashe. Bakur yana kwaikwayon malaminsu na lissafi har da tarinsa. Yaya yana hararar kowa kamar shi ne babban malamin. Gajere kuwa shi ke kiwon tattabaru a kusurwa, shi ke gyara fitilar gas in ta shaƙe, shi ake tura wa darasin da ya gagari kowa. Mutanen unguwa suka sa musu suna 'Yan Suɗuhu, suka karɓa. Tare suka shiga kulliya, kwalejin da ake horar da malamai. Na tuna ranar da suka fita da sababbin riguna, Inna tana guɗa a ƙofa, ni ina alfahari domin ni na goge ta Yaya ba ko ɗigon toka.

A shekara ta biyu uban Gajere, wanda ke ɗaukar tsofaffin alhazai a kan shibriyya, ɗan gadon katakon nan da ake ɗauka a ka, yana yi musu ɗawafi, ya faɗi da ciwon baya, bai sake tashi ba. Ga ƙanne a gida. Gajere ya rufe littafi ya kama tuƙin mota tsakanin Makka da Jidda. Sauran suka gama, suka zama malamai da shugabannin makarantu. Gajeren nan ne ya zo neman aurena daga baya, ni ma ina so, na zauna da shi fiye da shekara hamsin. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan karatun nan ba. In na tayar da maganar sai ya ce, "Ai abokaina sun karanta mini."

Sha'abana ba ta taɓa wuce su ba, rabon mamaci ma haka. Duk wanda ya rasu a cikinsu, a wurin cin za a kira sunansa a yi masa addu'a, a ɗebi rabonsa, mutum biyu su kai har ƙofar matarsa, su tsaya su gaisa. Da yake maigidana ne mai mota, shi ke kaiwa. Ya kai na Bakur. Ya kai na mutanen da suka shigo ƙungiyar daga baya, waɗanda ko hawan matakalarmu ba su taɓa yi ba. Domin abin ya bunƙasa, ya zama ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kulliya, aka bar saman gida aka koma kama gidan shaƙatawa can wajen Aziziyya. Suka buɗe dandali a waya, kullum labari: wane ya yi ritaya, wane ya aurar da 'ya, wane yana asibiti, ga hoton wane yana saurayi. Maigidana yakan sa tabarau ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya, yana dariya, yana cewa, "Dubi Haruna da gashi!"

A watan Rajab ɗin bara maigidana ya rasu, a nan gidanmu na Ka'akiyya. Sha'abana ta same ni cikin takaba. Ranar na sa Amal ta share matakala, ta wanke ƙananan kofuna, ta dafa gahawa, na zauna kusa da ƙofa inda zan ji sallama ta bayan labule. Duk motar da ta tsaya sai gabana ya faɗi. Aka kira la'asar, aka kira magariba, gahawa ta huce. Washegari Amal ta buɗe wayar kakanta, wadda ba mu rufe ba, ta kunna mini hoton bidiyon taron. Wani mai baƙin gemu, sa'an ɗana, ya tashi ya kira sunayen waɗanda suka rasu a shekarar. Na kasa kunne har ya shafa fatiha, ban ji sunan maigidana ba. Na ce ta sake kunnawa, ko kunnena ne. Ba kunnena ba ne.

Yaya Haruna ya zo cikin azumi, da sandarsa, ya zauna yana kallon darduma.

"Zulai, ki yi haƙuri. Abin ya koma hannun yara, sun yi masa tsari. Sun ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ya karɓi shahadar kammala kulliya."

"Yaya, duk shekarun da yake ɗaukar ku a mota, wa ya tambaye shi shahada?"

"Wallahi na yi magana."

"A hankali ka yi ta ke nan. Ban ji muryarka a bidiyon ba."

Ya ce zai sa a dafa saliƙ a gidansa a kawo mini. Na ce ya bar shi, shinkafa ba ta ƙare a gidana ba, likita ma ya hana ni ci. Ya tashi da ƙyar, ban raka shi ko da ido ba. Ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, in ya rasu za a kira sunansa a lasifika, ni ma zan yi kuka. Amma har yau zuciyata ba ta sauko ba.

A da ba su da komai sai tire ɗaya da fitila mai shaƙewa, kuma ba wanda ya tambayi wani takarda kafin ya matsa masa wuri. Yanzu suna da zaure mai sanyi da shugaba da mataimaki, waɗanda suka san fuskar mijina yana yaro kuwa ba su cika hannu ɗaya ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban kira sunansa ba, kamar yadda Inna ba ta taɓa kiran na Baba ba. Tun da sun ƙi kira, na ce wa Amal ta gyara alƙalami ta rubuta da kyau. Isa. Isa ɗan Muhammadu mai shibriyya, ɗan Suɗuhu tun kafin a haifi masu tsarin. Allah ya jiƙansa. Ban san bakina kaɗai ne zai rage mai kiran sunansa ba.