Habibun da Jami'a Ta Ɗauka

Na shiga ɗakin ƙanena Habibu da niyyar zare wayar wutar na'urar gem ɗinsa. Baba ne ya aiko ni, ya ce in kai masa ita shago, ya gaji da ganin ƙato zaune gaban talabijin.

Na tarar yana buga ƙwallon kwando, irin gem ɗin nan da jami'o'in Amurka suke karawa da juna. Na ɗan tsaya a bayansa ina kallo. Wani dogon ɗan wasa ya jefa ƙwallo a raga, sai sunansa ya fito a ƙasa: Habibu Roni. Har askinsu iri ɗaya.

Na ce, "Wannan kuma wane ne?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya. Ni na haɗa shi. Yana aji uku yanzu."

Na ce, "Aji uku a ina?"

Bai ɗauke ido daga talabijin ba, ya ce, "A jami'a mana. Su tun shekarar farko suka ɗauke ni."

Habibu ya sha rubuta jarrabawar shiga jami'a, duk shekara sunansa ba ya fitowa. Abokansa na sakandare tuni sun yi nisa a karatu. Bai taɓa yin maganar a gida ba, mu ma ba ma tayar da ita.

Na fito hannu rabbana. Baba dai har yanzu yana shago yana jirana.

Da ku aka aika, da kun zare?