Sa'idu Direba a Kan Akawal

Shekara talatin da ɗaya Malam Sa'idu ya yi yana tuƙa babbar mota daga Katsina zuwa Kudu. Ya kai shanu, ya kai albasa da wake, ya dawo da manja da katako. A Ƙofar Kaura, inda gidansa yake, kowa Sa'idu Direba yake ce masa. Siririn mutum ne mai saurin magana, ko shayi a tsaye yake sha.

Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota. Idonsa na hagu ya fara gani dishi-dishi, likita ya ce doguwar hanya ta ƙare masa, 'ya'yansa kuma suka taru suka roƙe shi. Ya miƙa makulli yana da shekara hamsin da takwas.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da ya dawo daga sallar Asuba sai ya hau zagaye tsakar gida. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau, ya sake ɗaurawa. Ya je tasha ya zauna cikin direbobi, amma da mota ta tashi sai zaman ya gagare shi, ya taso. Matarsa Saudatu ta ce da can ɗokin dawowarsa take yi, yanzu kuwa addu'arta Allah ya kawo abin da zai riƙa fitar da shi ko na awa biyu ne.

Ana cikin haka yayansa Isiyaku ya rasu a Ƙofar 'Yandaka, ya bar doki guda, akawal, baƙi wuluk. 'Ya'yan marigayin mata ne, duk suna gidan aure, saboda haka aka yi shawarar a sayar. Sa'idu ya je ya tarar da dokin a turke yana ta tonon ƙasa da kofato, ya ja nan ya ja can, kwana arba'in ba wanda ya fita da shi. Ya daɗe yana kallonsa. A ranar ya ce wa dangi shi zai saya. Da ƙafa ya jawo shi har gida, don bai taɓa hawa doki ba tunda aka haife shi.

Wanda ya nema ya koya masa hawa shi ne Aliyu, wani Bafulatani da ya zauna a bayan gari, wanda Sa'idu ya sha kai wa shanu Ikko. Aliyu ya girme shi da kaɗan, kuma magana tsada gare shi. Suka riƙa haɗuwa da hantsi a wani fili mai yashi kusa da gidan Aliyu. Farkon damina ne, ƙasa ta yi taushi.

Tafiyar sannu ba ta ba shi wuya ba. Sassarfa ta jijjiga shi har ya kwana biyu yana sallah a zaune, amma ita ma ya saba. Sai ya fara ƙorafi. Kullum tambayarsa yaushe za a shiga sukuwa, Aliyu kuma kullum amsarsa a bari tukuna. Ya bayyana masa cewa kafin sukuwa sosai akwai 'yar ƙarama, wadda doki ke ɗagawa yana sauka kamar lilo, kuma wanda bai iya zama a kanta ba, babbar ba tasa ba ce.

A mako na uku Aliyu ya gaji da naci ya ce to, gwada. Sa'idu ya zunguri dokin da dugadugansa. Akawal ya ɗaga gaba, sirdi ya fara tashi da shi yana maka shi. Nan take ya ƙanƙame da gwiwoyi, ya sunkuya, ya ja linzami iya ƙarfinsa, ƙafafunsa kuma ba su daina zunguri ba. Dokin ya rasa abin da ake so da shi, ya yi gefe guda. Likkafar dama ta suɓuce, Sa'idu ya faɗi a kan kafaɗa.

Aliyu ya kama dokin tukuna, sannan ya zo ya tsaya a kansa.

"Direba, a mota kana taka totur da birki lokaci guda?"

Kafaɗar ta goce, sai da mai ɗori ya mayar da ita.

Mako uku ya yi da hannu a rataye, kuma gidan bai ga sauƙi ba. Ya fita zaure, ya dawo ɗaki, ya leƙa dokin, ya zuba masa harawa a kan wadda bai cinye ba. Babbar 'yarsa Ummi ta bugo waya daga Kaduna tana kuka, ta ce sun raba shi da titi ne don su huta da fargaba. Saudatu ta ce ta ji akwai mai son dokin a Ƙofar Kwaya. Wata rana da yamma tana tsince shinkafa ya zauna kusa da ita, abin da ba ya yi, ya ce mata tun ranar da ya faɗi, da ya tuna ɗagawar nan sai gabansa ya faɗi. Ya ce ya sauko gangaren da birki ya shanye da shanu talatin a baya, bai ji irin wannan tsoron ba.

"To mi ya yi zafi, Malam? Ka bar shi mana."

"In na bar shi, nan zan dawo in zauna miki."

Ta dube shi, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ta ƙara zancen mai saye ba.

Ranar da ya koma fili, Aliyu ya karɓe linzami daga hannunsa, ya naɗe likkafu a kan sirdi, ya ɗaura doguwar igiya a ragama ya tsaya a tsakiya. Ya ce shi ne zai bi da dokin, aikin Sa'idu zama kawai. Ya riƙe geza in ya so, ya ɗaga kai ya dubi bishiyoyi, ya saki ƙugunsa ya bi sirdi duk inda ya je. Kwana tara suna zagaye ɗaya, ƙafafun Sa'idu na reto. Ya yi mita, ya ce an mai da shi jakin rijiya. Sau biyu ya sauka ya ce ya fasa, ya je gindin bishiyar bedi ya tsaya, ya dawo ya hau.

A rana ta goma Aliyu ya yi wa dokin wata 'yar ƙara da baki ba tare da ya faɗa wa Sa'idu ba. Akawal ya ɗaga. Sa'idu ya damƙi geza, gwiwoyinsa suka fara matsewa, sai ya ji Aliyu na cewa ya ja numfashi, ya jingina baya kaɗan. Ya yi. Sirdin ya daina dukansa. Ya ji bayan dokin na tafiya da shi gaba yana dawo da shi, shi kuma yana bi. Zagaye ɗaya da rabi aka yi, Aliyu ya tsayar. Sa'idu na haki, rigarsa ta jiƙe, ya ce a ƙara. Aliyu ya ce gobe, dokin ma yana da haƙƙi.

Sai bayan wata guda aka mayar masa da linzami. Ya sake faɗuwa sau ɗaya, ranar da wata akuya ta gifta, amma ya tashi ya kakkaɓe. Babbar sukuwa har yau Aliyu bai yarje masa ba, saboda idon nan na hagu, kuma kusan kullum sai sun yi musu a kai.

Bayan kaka ya tsiro da cewa a kan doki zai je ya gai da ƙanwarsa Suwaiba, a ƙauyen da take aure, tafiyar awa uku. Saudatu ta ce ba da yawunta ba, sai in tare da Aliyu. Aliyu ya ce shi ba shi da doki, sai an samo masa aro. Tun daga lokacin Sa'idu ke yawo unguwa-unguwa da ƙafa, yana tambayar wanda zai ba da aron doki na kwana biyu. Ya samu mutum ɗaya da ya ce ya dawo ranar Laraba.