Kwalbar da Aka Sa wa Ƙaro

Shekarar da na shiga aji biyu na sakandare, yayata ta jera kwalabe shida a tagar ɗakinmu a Tudun Wada. Tana digiri na biyu a jami'a, a kan batirin da ake yi da tutiya da ruwa, wanda ba ya kama wuta. Kowace kwalba da ruwanta, da ɗan farantin tutiya, da wani farantin da aka shafe da baƙin gari irin na cikin batirin tocila. Baƙin nan ne damuwarta. Duk cajin da aka yi sai ya ɗan zube, ruwan ya yi launin shayi, batirin ya raunana. In bai daina zubewa ba, malaminta ba zai sa hannu a aikin ba.

Ba ni da ƙawa a makaranta. In an tashi tara, gindin dogonyaro nake zama in ci ƙosaina. Yaya kaɗai nake iya yi wa magana, ita ma ba da yawa ba. Aikina in na dawo shi ne in ɗaga kowace kwalba ga haske, in faɗa mata wadda ta fi duhu.

Ni ke dama wa Baba tawada. Na daɗe da lura cewa in na manta ƙaro, rubutun yana bushewa sai ya kakkaɓe daga allo kamar gari. Kwana uku maganar tana bakina, ina tsoron dariya. Ran na huɗu, tana wanke kwalba, na ce, "Yaya, da an sa ma baƙin garin ƙaro."

"Mi kika ce, Auta? Ɗaga murya, ba gidan makoki muke ba."

Na sake faɗa, ina kallon tabarma. Ta yi dariyar kuwa. Sannan ta miƙe ta ɗauko gwangwanin ƙaron Baba, ta gauraya ƙaron da baƙin garin kwalba ɗaya.

Cikin sati biyu sauran kwalaben suka yi ja. Mai ƙaron tana nan garau, har ina hango katangar maƙwabta ta cikinta. Yaya ta koma ɗakin gwaji da dabarar, ta yi watanni tana auna abubuwan da ban gane ba. Malamin ya sa hannu. Saboda aikin nan ne aka ba ta gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa mai nisa.

Ran da za ta tafi ta zubar da kwalabe biyar, ta bar mini ɗaya.

"Wagga taki ce, Malama. Ki riƙa yi mata caji."

Na riƙa yi. Bayan damina, wata la'asar, na ɗaga ta ga haske na ga ruwan ya soma yin launin shayi, kaɗan, can ƙasa. Na juya wajen gadon Yaya da bakina a buɗe. Katifar tana naɗe, Inna ta ɗora buhun gero a kai.

Na mayar da kwalbar taga, na juya ɓangaren da ya fi haske waje.