Ranar da Yunusa Auta Ya Hana Surukinsa Ruwa

Yunusa Auta ba mai baki ba ne. Tun yana yaro a ƙauyensu na gefen Auyo, in aka tambaye shi abu sai ya sosa ƙeya tukuna. Ya yi kamun kifi, ya tuƙa kwalekwale, ya dawo noman shinkafa, ya auri Saudatu 'yar Alhaji Shu'ibu. Da manoman rani suka tashi zaɓen mai riƙe makullin ƙofar ruwa, shi suka ɗora. Kuma a faɗi gaskiya, ba cancanta aka duba ba. Manya sun ga mai sanyi ne, za su juya shi kamar waina a tanda.

Aikin kuwa rabon ruwa ne, kowace gona da lokacinta. Ana nan sai ciyawar kachalla ta cushe magudana, ruwa ya ja baya, ga shinkafa ta yi ciki, lokacin da ƙishi kaɗan ke mayar da ita ƙaiƙayi. Talata ranar 'yan ƙarshen layi ce, masu ƙananan gonaki, ƙasarsu har ta fara tsagewa.

Sai Alhaji Shu'ibu ya aika a kira shi. Gonar Alhaji na bakin ƙofa, ta riga ta sha nata, amma babba ce, kuma mai ita bai san ya isa ba.

Yunusa ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure. Mutumin da ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban surukinsa ba.

“Shugaba,” in ji Alhaji, “ashe ana ganinku? Talatar nan ka sako mini ruwa. Gefen gabas bai ƙoshi ba.”

A garin nan wa ya taɓa ce wa suruki a'a? Ko ƙarya ce sai ka ce to, ka fita ka san dabara. Yunusa bai iya ƙarya ba, dabara kuwa ba a haife shi da ita ba. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce:

“Baba, safiyar Laraba rabon gonata ne, ku ɗauka duka. Talata ba tawa ba ce, balle in bayar.”

“Na ba ka 'ya, ka hana ni ruwa? Tashi ka ba ni wuri.”

A gida Saudatu ta gama jin labari, ta ce, “Sannu, malam adali. In buhu ya ƙare sai mu dafa makullin.”

Ranar Talata ruwa ya gangara har ƙarshen layi, gonakin can suka sha suka ƙoshi. Laraba da safe Yunusa ya toshe bakin gonarsa da taɓo, ya juya ruwan wajen Alhaji, ya zauna a kan kunyar gona yana kallon ganyen shinkafarsa na naɗewa. Abincin shekara ke nan, ga kuma gidan surukai da bai san ta inda zai sake shiga ba.

Hantsi ya ɗaga, sai ga Alhaji a bayan babur, ƙafarsa duk laka. Ashe da hannunsa ya toshe bakin tasa gonar, ya mayar wa Yunusa ruwansa. Bai sauko ba, bai ko dubi Yunusa ba.

“Kai mai taurin kai, tashi ka buɗe taka. Jikokina ne za su ci shinkafar nan, ba don kai ba.”

Yunusa ya durƙusa har babur ya wuce. Sannan ya naɗe wando ya shiga taɓo.